Ragowar da Ka Biya a Faskari

Ƙanƙara,
Afrilu, 1975.

Maigida,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka isa Kaduna lafiya, kai da sabon babur ɗinka, kuma hanya ba ta tayar maka da ciwon bayan nan ba. Yaya aiki, yaya mutanen ofis? Mu nan lafiya lau. 'Yarka Larai ta koma makaranta. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har tana zuwa sujada da kanta.

Na gama gaisuwa. Yanzu sai ka gyara zama.

Ranar da za ka tafi, kana bisa babur, inji na ruri, ka duƙo ka ce mani ka yi mani tsarabar Ista: wai ka je Faskari ka biya Alhaji Barau duk abin da yake bi na, har kwabon ƙarshe. Kafin in rufe baki ka ja babur ka wuce. Na san ka yi ta murmushi har Funtuwa, kana tsammanin ka bar ni a ƙofar gida ina hawayen murna. Na daɗe a tsaye, gaskiya ne, amma ba murna ce ta tsayar da ni ba.

Direban da ke ɗauko mani kaya ya ba ni sauran labarin. Ranar kasuwa ka je, shagon Alhaji cike da mutane. Ka zaro kuɗin ariyas ɗinka, na ƙarin albashin da gwamnati ta biya ku a dunƙule, ka ƙirga su a bisa buhun gishiri, kowa na kallo. Ka ce daga yau matarka ba ta hannun kowa. Sannan ka nemi rasit. Rasit, Maigida! Mutumin da tun lokacin yaƙi, da na bar koyarwa, ya ba ni buhun gishirina na farko ba tare da ya ce in dangwala hannu a ko'ina ba, shi ka tsaya a kansa har ya sa aka yago takarda aka rubuta maka.

Na san inda wutar ta kama. A 'Yargoje ne, wurin shan giyar Baba Ɗanhausa, inda ya ce a gaban dangi wai akawun gwamnati ne kai amma matarka tana jingine a Faskari. A gidanku har yanzu ana ba da labarin kakanku da aka jinginar da ƙanwarsa saboda damin dawa, kuma kalmar bashi ba ta shiga kunnenku sai da wannan tsohuwar kunyar. Na gane. Amma Baba Ɗanhausa bai taɓa sayar da ko allura ba, kai kuma da ka tambaye ni da na gaya maka.

To bari in koyar da kai, tun da koyarwa ce aikina na farko. Kafin damina Alhaji yana ba ni garmar shanu, da bakin garma, da sarƙa, da gishiri, da kananzir, da sabulu. Ba na ba shi ko sisi. Ni kuma in raba wa masu tebur na ƙauye: Tani a 'Yargoje, Nata'ala a Damari, da sauransu. Su kuma su ba manoma. Kowa ya jira kowa har a sayar da auduga. In kuɗi sun dawo sai su hau kamar yadda kaya suka sauko. Amma ba a biya duka. Ana barin ragowa. Tani tana bar mani, ni ina bar wa Alhaji, shi ma yana bar wa kamfanin da ke ba shi kaya a Kano. Ragowar nan ita ce ke cewa ina nan dawowa. Wanda ya biya tas, ya ce ke nan mun rabu, ka nemi wani.

Kana tsammanin ba ni da kuɗin ne? Suna cikin akwatina tun watan Fabrairu. Da gangan na bar su. Abin da ka kira jingina shi ne jarina, ba ni da wani.

Damina na tafe. Wannan ne lokacin da nake ɗaukar babban kaya na shekara. Zan tafi Faskari in ga abin da za a iya ɗinkewa. Ka yi mani addu'a, kuma don Allah kada ka sake yi mani wata tsarabar.

Ka gaida maƙwabtanka. Ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka,
Lidiya.


Ƙanƙara,
Mayu, 1975.

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan zafin Kaduna bai matsa maka ba. Saƙon magani ya iso, Inna ta gode, ta sa maka albarka. Nan an fara hadari ta gabas amma bai sauka ba tukuna.

Na je Faskari. Da Alhaji Barau ya zage ni da na fi jin daɗi. Sai ya sa aka shimfiɗa mani tabarma, aka kawo fura, ya tambayi Inna, ya tambayi karatun Larai, ya tambaye ka har sau biyu. Duk wannan a bayansa ga garemani a jere har rufi, sababbi, fentinsu na ƙyalli, irin waɗanda a bara war haka ana loda mani su a mota.

Na ce masa ban aiko ka ba. Ya ce, "Malama, na sani. Ai da ke ce, da ba ki nemi rasit ba." Mutanen shagon suka yi dariya, ni ma na yi, don kada in yi kuka. Sannan ya rage murya ya ce abin a gaban jama'a aka yi shi. In ya ba ni kaya gobe, jibi ka dawo ka ce ya sake ɗaure maka mata, ina zai sa fuskarsa? Ya ce shi Musulmi ne, ni matar wani ce kuma ba addininmu ɗaya ba, shekarun nan duka yana toshe kunne daga masu surutu saboda ya san mijina ya yarda. Yanzu mijin ya zo da kansa ya ce bai yarda ba. Ya ce in da kuɗi a hannu, shago a buɗe yake gare ni kamar kowa. Kamar kowa! Ya kuma ce wanda ya rufe ƙofa shi ke buɗe ta, kuma a inda ya rufe ta. Ban ga laifinsa ba. Na neme shi har na gaji, ban gani ba.

Daga nan na wuce Funtuwa, banki, tun da kai kullum kana cewa zamani ya canza, ƙasa ta yi kuɗin mai, banki na neman wanda zai ba rance. Na sa atamfata mai kyau. Na zauna a benci tun safe har rana ta karkata, ina kallon 'yan kwangila suna shiga ofishin manaja ba layi, suna fitowa suna shafa ciki. Da aka kira ni, manajan yaro ne mai ladabi, ya yi mamakin Turancina har ya faɗa. Ya tambayi takardar mallakar fili. Na ce gonarmu gandu ce, ta kakanni, iyakarta itacen ɗorawa da tsohuwar rijiya, ba wanda ya taɓa rubuta ta. Ya tambayi takardar shago. Na ce rumfar kasuwa ce ta hukumar En'e, haya nake biya. Ya tambayi asusun ajiya na shekaru. Na ce ajiyata tana bisa teburan mutane daga 'Yargoje har Damari. Ya yi murmushi ya ce banki ba ya iya riƙe wannan. Ya ce ko da an ba ni, sai mijina ya sa hannu, kuma biya wata-wata ne da ruwa a kai, farawa daga watan gobe.

Watan gobe, Maigida. Ka taɓa ganin audugar da aka shuka a Yuni ta biya bashi a cikin Yunin? A shekarar fari, da gero ya ƙone a tsaye, ban kai wa Alhaji komai ba. Bai aiko ba. Ya san ruwa bai sauka a Damari ba, don shi ma yana da gona. Da shekara ta zagayo ya ƙara mani kaya don in samu in farfaɗo. Wane banki ne zai ɗaga kai ya dubi sama kafin ya rubuto wasiƙa?

Na ɗauki kuɗin akwatina na sayi abin da suka iya saya, kuɗi hannu, a farashin da ya ninka na bara. Bai cika rabin mota ba. Kuma ba zan iya bayar da shi sai kaka ba, don in na bayar ba ni da na sake sarowa.

Abin da nake roƙo guda ne. Ka ɗauki hutu, ka zo, mu tafi Faskari ranar kasuwa. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce da bakinka a gaban mutanen nan, Alhaji a ba matata kaya. Na san abin da wannan zai ci maka. Na san Baba Ɗanhausa zai ji. Amma ka zo kafin ruwa ya zauna.

Ina kewarka, duk da haushinka da nake ji, kuma haushin ya fi yawa.

Taka,
Lidiya.


Ƙanƙara,
Yuli, 1975.

Maigida,

Barka da damina. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta same ni, na karanta ta sau ɗaya na ajiye, don in na sake karantawa zan yaga ta.

Ka ce aiki ya yi yawa, ba a ba da hutu. Ka ce in kwantar da hankali, za ka riƙa aiko mani da kuɗi duk wata, in huta, mace mai shekaruna ba ta kamata da bin motocin kasuwa ba. Ka ce kuma ka riga ka gyara maganar Alhaji. Na ga gyaran. Duk Faskari ta ga gyaran.

Wasiƙa ka buga masa da keken rubutu na ofis, da Turanci, da lamba a sama, da layi a ƙarƙashin kan magana. Alhaji ba ya karanta boko, ka sani. Sai da aka kira malamin asibiti ya karanta ya fassara a tsakiyar shago. Ka rubuta cewa ba ka da wata ƙin yarda a ci gaba da hulɗa da matarka, bisa sharaɗin a riƙa aiko maka da lissafi duk ƙarshen wata. An ce da aka kai nan Alhaji ya tambaya ko Gwamna ne ya rubuto. Yanzu in na shiga mota yaran tasha suna ce mani, "Malama, an aika wa Kaduna lissafi?" Ni da na koya wa iyayensu baƙaƙe.

A makon da wasiƙarka ta isa aka ba wani ɗan kasuwa, Sanusi na Sabuwa, rabona. Ba ramuwa ba ce. Kai da ke karanta jarida ka san jiragen ruwa sun cushe a Ikko, siminti ya tare hanya, kayan kirki ba sa shigowa. Kamfanin Kano ya rage wa Alhaji kaya, shi kuma ba zai ajiye garma a shago ruwa na zuba yana jiran akawu ya sami hutu ba. Ya riƙe mani su har ruwa na biyu. An gaya mani haka, kuma na yarda.

Yanzu ka ji abin da ban hango ba, ni mai wayo. Mutanena sun daina kawo mani ragowarsu. Ba mugunta ba ce. Mai tebur yana kai ɗan abin da ya samu ne wurin wanda zai cika masa tebur gobe. Nata'ala ya zo da kansa daga Damari a kan keke, laka har gwiwa, ya tsuguna a ƙofar rumfa yana murza hula. Ya ce, "Uwar ɗakina, manoma goma sha suna jirana da shanu a ɗaure, bakin garmarsu ya cinye. In ce masu me?" Na dubi kantata, sabulu ne da ashana. Na ce ya tafi wurin Sanusi. Ni da bakina na tura shi. Ya tashi yana share ido, ni kuma na zauna ina lissafin sabulu kamar akwai abin lissafawa.

Tani ce ba ta samu shiga ba. Sanusi bai san ta ba, kuma ya ce ba ya ba gwauruwa kaya. Ka san Tani, matar marigayi ɗan'uwanka ce, da teburin nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Na je 'Yargoje na tarar ta kife teburin tana shanya kuɓewa a kai. Ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin makarantar babban. Manoman gefen nan da suka saba karɓar bakin garma a wurinta sun koma fartanya, wasu sun bar rabin gona ciyawa ta cinye. Na wuce ta ƙofar Baba Ɗanhausa, yana zaune a inuwa, ya ɗaga mani hannu ya ce yanzu na zama 'yantacciya. Na gaishe shi yadda ya kamata. Allah ne kaɗai ya san abin da na haɗiye.

Kuɗin da ka aiko na ba Tani rabi. Kada ka ce komai a kai.

Ba na sake roƙonka ka zo Faskari. Ko ka zo yanzu da rarrafe, kayan suna gonakin Sabuwa, kuma Sanusi ya riga ya zama mai ragowa a wurin Alhaji. Ba za a kore shi don ni ba, kamar yadda da ba za a kore ni don shi ba.

Inna tana tambaya ko mun yi faɗa ne. Na ce mata a'a, karatu muke yi.

Ka huta lafiya.

Lidiya.


Ƙanƙara,
Nuwamba, 1975.

Maigida,

Ina yi maka fatan alheri da lafiya. Mun ji an yi ta sallamar ma'aikata a Kaduna tun da aka canza gwamnati, hankalina bai kwanta ba sai da wasiƙarka ta zo na ga ba ka ciki. Na gode wa Ubangiji. Larai ta ci jarrabawa. Gero ya yi kyau bana, dawa ma ba laifi, an fara tsinkar auduga.

Na karanta abin da ka rubuta a ƙarshe, inda ka ce ka yi kuskure, kuma ba ka barci sosai. Na yarda da kai. Na san ba don ka cuce ni ka yi ba. Ka ji an taɓa mutuncin matarka, ka ɗauki kuɗi mafi yawa da ka taɓa riƙewa a rayuwarka, ba ka sayi rediyo ba, ba ka ƙara aure ba kamar abokan aikinka, ka kai su inda kake tsammanin za su fanshe ni. Na sha juya wannan a raina. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da mugu ne ya yi mani, da na san yadda zan yi da shi.

Na mayar da mabuɗin rumfa. Haya ta taru, kuma ba a biyan haya da kanta wadda babu komai a kanta. Wani mai sayar da kaset da batir ya karɓa, ya yi mata shuɗin fenti. Ranar kasuwa ina bi ta bayan mahauta don kada in wuce ta gabanta. Ragowar da ke hannun mutane, wasu sun kawo da suka sayar da sabon gero, wasu sun ce sai auduga, wasu in sun hango ni sai su shiga lungu. An ce in kai su gaban alƙali. Ba zan kai ba. Na san abin da ke cikin rumbun kowannensu.

Alhaji Barau ya aiko mani da goro da turmin atamfa da ya ji na rufe. Kyauta. Shekara da shekaru bai taɓa ba ni kyauta ba, kaya yake ba ni, don ya ɗauke ni 'yar kasuwa. Na karɓa na yi godiya, na sa a ƙasan akwati. Ba na jin zan ɗinka ta.

Ka ce in koma koyarwa, ana neman malamai ko'ina saboda sabon shirin makarantu. Wataƙila. Amma ba yanzu ba, kuma ba don an kore ni daga kasuwa ba.

Ga abin da ake ciki. Ɗaya daga cikin masu teburin da na ɗora a da ya zo gida makon jiya, da rabin buhun gishiri da garwar kananzir ɗaure a bayan keke. Daga cikin nasa kason ne, wanda shi ma bashi ya ɗauko. Ya sauke a zaure, ya ce sai an sayar da auduga. Bai zauna ba, bai yarda mun haɗa ido ba. Na tsaya ina kallon buhun nan, ni da a bara mota guda ake sauke mani. Sannan na ɗauko tebur na kafa a ƙofar gida. Ina auna gishiri da gwangwani, kananzir da kwalba. Na raba biyu na aika wa Tani rabi, ita ma sai auduga. Yaran da na koyar suna wucewa da babura suna gaishe ni, wasu suna kawar da kai don su rage mani kunya. Ba na jin kunyar. Ana bi na bashi, Maigida, kuma tun Ista ban yi barci mai daɗi kamar na makon nan ba.

Ka zo Kirsimeti. Ɗakinka a share yake, na ajiye maka zabi biyu, Inna tana ƙirga kwanaki. Zan tarbe ka kamar yadda na saba, ba zan tayar da maganar nan a gaban kowa ba. Amma na san ka. Za ka ga teburin, zuciyarka ta karye, ka sa hannu a aljihu, ka tambaye ni wane ne ya ba ni kayan. Shi ya sa nake gaya maka tun yanzu, a rubuce, yadda kake so: tun da muka yi aure ban taɓa ɓoye maka komai ba, amma sunan mutumin nan ba za ka ji shi daga bakina ba. Na gargaɗi Inna da Larai da Tani, su ma ba za su faɗa ba.

Ubangiji ya kiyaye hanya, ya kawo ka lafiya.

Ni ce matarka har yanzu,
Lidiya.